Bin sawun Walter Scott daga Edinbara zuwa gaɓar Tweed

Na tashi daga Abuja zuwa Birtaniya a tsakiyar watan Yuni na 2025 don bin sawun Walter Scott, shahararren marubucin Sikotlan, da bizar ziyara ta wata shida, wadda kuɗinta a lokacin fam 127 ne. Awa shida da 'yan kai muka yi a sama kafin Landan. A Heathrow jami'in shige da fice tambaya uku ya yi mini: me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Takardar masauki da tikitin komawa su kasance a buge a hannu, domin waya takan ƙi kama intanet daidai lokacin da ake nemanta. Gaba da shi kwastan ne, kuma nan mutanenmu ke tafka asara. Dokarsu ta hana shigo da nama da madara daga ƙasashe irin tamu, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk a kwandon shara suke ƙarewa, komai kyan ƙunshinsu. Dabino da yaji kuwa ba wanda ya ko kalle su.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly ya kai ni King's Cross cikin kusan awa ɗaya, na shiga jirgin arewa. Tikitinsa tun da sauran makonni ake saye; wanda ya bari sai ranar tafiya zai biya ninki. Tafiyar awa huɗu da rabi ce, kuma a nemi kujerar hannun dama, domin bayan Newcastle teku na biye da layin dogo. A Berwick jirgi ya hau wata doguwar gada mai baki 28, a ƙarƙashinta kogin Tweed na shirin zuba cikin teku. Kogin nan shi na zo bi, amma ta can sama. Mil kaɗan gaba muka shiga Sikotlan, ba shinge, ba sanda, ba mai cewa a sauko a buɗe but. Wanda ya saba ƙirga shingaye tsakanin Kano da Kaduna sai ya ji kamar an yi mantuwa.

Tashar Edinbara, babban birnin Sikotlan, sunanta Waverley, sunan ƙagaggen labari na farko da Scott ya fitar a 1814. Kana hawowa titin Princes sai ga hasumiyar tunawa da shi, baƙa wuluk, mai tsini, tsawonta mita 61. Dutsen asalinsa ba baƙi ba ne. Akwai maiƙo a jikinsa, shi ya riƙa kama hayaƙin gawayin garin shekara da shekaru. Matakalarta 287 ce, tana murɗawa tana ƙara matsewa, har can sama kafaɗa biyu na gogar bango. Mai jiki ko mai ciwon gwiwa ya tsaya a hawa na farko, ba abin kunya ba ne. Wanda ya zana ta, George Meikle Kemp, kafinta ne da ya koya wa kansa zanen gini, ya shiga gasar da sunan aro, kuma ruwa ya ci shi a 1844 kafin a ƙarasa aikin. A gindinta an sassaƙa Scott da farin marmara yana zaune, karensa Maida kwance a gefen ƙafarsa, sannan jikin ginin cike da mutum-mutumi sama da 60 na mutanen cikin littattafansa. Mu irin wannan gata sarki muka saba ganin ana yi wa, ko janar.

Na sauka a wani ƙaramin gidan baƙi kudu da tsohon gari, fam 95 a dare har da karin kumallo. Wannan farashin Yuni ne. A Agusta, lokacin bukukuwan wasanni na garin, sai wanda aljihunsa ya ƙoshi. Karin kumallon nasu tarko ne ga musulmi: naman alade, da wani baƙin curi da ake yi da jini, da haggis, wanda ake haɗawa da huhu da hanta da zuciyar tunkiya da garin oat. A gaya wa mai gida tun daren. Za a ba ka ƙwai da wake da tumatir, da wani kunun oat mai kauri da ake ci da cokali. Akwai kuma haggis na wake da ganye zalla, mai ɗan barkono, ya ciyu.

Abin da ya fi ruɗa baƙo rana ce. A Yuni tana fitowa wajen huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai goma na dare, kuma bayan ta faɗi ma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Ka yi Magariba ƙarfe goma, ka yi Isha'i bayan sha ɗaya, kafin ka juya kwanciya Asuba ta yi. Manhajojin waya kowace da lissafinta, saboda haka jadawalin babban masallacin Potterrow, wanda aka buɗe a 1998, shi ne abin riƙo. A harabarsa na gamu da wani ɗalibi Bakatsine da ya ga hulata ya ce, “Malam, daga gida?” Bayan gaisuwa ya ja kunnena: “Malam, a ƙasar nan in ka biye wa rana ba za ka ci abincin dare ba. Agogo ake bi.” Shi ya nuna mini dandalin George Square, taku kaɗan daga masallacin, inda gida mai lamba 25 yake. Nan Scott ya tashi.

Ba nan aka haife shi ba. An haife shi ran 15 ga Agustan 1771 a wani lungu mai suna College Wynd, wanda yanzu babu shi, sai allon tunawa a jikin bango ta titin Guthrie. Lungun ƙazami ne, ba iska, kuma 'ya'ya shida iyayensa suka binne suna jarirai. Shi ma yana wata goma sha takwas shan inna ta kama shi, ta bar masa ƙafar dama a shanye har ya mutu. A gidan tarihin marubuta da ke Lady Stair's Close, inda shiga kyauta ne, akwai dokin katako na wasansa na yarinta, wajen ɗora ƙafa ɗaya ya fi ɗaya tsawo saboda ƙafar nan. A duk abin da na gani a Edinbara shi ya fi tsaya mini a rai.

Gaban majami'ar St Giles akwai siffar zuciya da aka jera da duwatsu a daɓen titi. 'Yan gari na wucewa suna tofa mata yawu, don haka a duba ƙasa kafin a tsaya ɗaukar hoto. Nan ƙofar tsohon kurkukun garin take, wanda aka rushe a 1817, kuma laƙabinsa ne sunan littafin The Heart of Midlothian na 1818. Labarin Jeanie Deans ne, 'yar talaka da ta ƙi yin rantsuwar ƙarya a kotu ko da ƙaryar za ta ceci ƙanwarta daga rataya, sannan ta kama hanyar Landan, mafi yawa a ƙafa, neman afuwa wajen sarauniya. A ganina duk littattafansa ba kamar wannan. Bayan majami'ar kuma babbar kotun ƙasar take, inda Scott ya yi aikin magatakarda daga 1806 har 1830. Duk shahararsa bai taɓa sakin aikin albashi ba, lauya ne ɗan lauya.

A fadar da ke kan dutse, wadda ke hango garin kamar yadda Dala ke hango Kano, ake ajiye kambin sarautar Sikotlan da takobi da sanda. An kulle su cikin wani akwatin katako a 1707, shekarar da aka haɗe majalisar ƙasar da ta Ingila, har aka fara jita-jitar an sace su. Scott ne ya nemi izini, ran 4 ga Fabrairun 1818 aka fasa akwatin a gabansa aka same su. Shi kuma ya tsara ziyarar Sarki George na Huɗu a 1822, ya sa manya da sarkin kansa suka ɗaura zanen nan mai ƙyalle-ƙyalle na mutanen tsaunuka, wanda doka ta taɓa haramtawa a 1746. Daga ranar kayan ƙauye suka zama kayan ƙasa. Duk kantunan da ke jere daga fada zuwa ƙasa suna sayar da wannan yadi, arzikinsa suke ci.

Kwana na uku na koma Waverley na shiga jirgin kudu zuwa Tweedbank. Tikitin zuwa da dawowa bai kai fam 20 ba, tafiyar kuma ba ta cika awa ɗaya ba. Layin an rufe shi a 1969, aka sake shimfiɗa wannan yankin nasa a 2015. Bayan Gorebridge gidaje suka ƙare, sai tuddai kore shar da tumaki kamar an watsa auduga. Daga tashar ƙarshe zuwa Abbotsford tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, akwai alamu. A tafi da rigar ruwa ko da an tashi da rana. Lema ba ta jure iskar wurin.

A 1811 Scott ya sayi wurin. Gona ce ta kusan eka ɗari a bakin Tweed, da wani ɗan gida da maƙwabta ke yi wa laƙabi da ramin ƙazanta. Da kuɗin waƙa da rance ya saye ta, domin a lokacin mawaƙi aka san shi: The Lay of the Last Minstrel a 1805, Marmion a 1808, sai The Lady of the Lake a 1810, wadda ta sa masu yawon buɗe ido suka riƙa tururuwa zuwa tafkin Katrine. Da mawaƙin Ingila Byron ya fito a 1812 ya kwashe kasuwar waƙa, Scott bai tsaya jayayya ba, ya juya ga zube. Waverley ya fita ba suna, kwafi dubu, nan da nan ya ƙare. Sirrin da tsari aka riƙe shi: duk abin da ya rubuta sai wani ya kwafe da nasa hannun kafin a kai wa masu jera baƙaƙe, don kada su gane rubutunsa. Shekara goma sha uku ana haka, sai a 1827 ya amsa a bainar jama'a cewa shi ne.

Kowane littafi ya fito sai ya koma ƙasa ko bango. Eka ɗari ta zama kusan 1,400, ɗan gida ya zama fada mai hasumiyoyi, aka gama a 1824. Kuɗin shiga bai kai fam 20 ba, ana kuma ba ka na'urar saurare. Zauren farko cike yake da sulke da kwalkwali, gaba da shi ɗakin makamai, inda bindigar Rob Roy take, ɗan tawayen da ya rubuta littafi da sunansa a 1817. Makullan kurkukun nan na Edinbara suna nan, ƙofarsa ma ya sa an liƙa ta a jikin bangon gidan ta waje. Ɗakin karatu na ɗauke da littattafai wajen 7,000, kowanne a inda ya bar shi. Yana kuma cikin gidajen farko a ƙasar da aka haska da fitilar gas. Mutum ne mai son tsoho da sabo lokaci guda, kuma duka biyun tsada gare su.

Ɗakin rubutunsa ƙarami ne. Tebur, kujerar fata, kantocin littattafai har sama, da wata siririyar matakala da ke fita ɗakin kwanansa. Wata dattijuwa mai aikin sa kai a gidan ta ce mini in lura da matakalar, don ita ce amsar tambayar da baƙinsa suka kasa amsawa. Gidan kullum cike yake da baƙi, yana farauta da su, yana hira da su har dare, to yaushe yake rubutu? Tun biyar na asuba yake tashi ya sulalo ta nan ba wanda ya gan shi, kafin a kira karin kumallo ya riga ya ci ƙarfin aikin yini.

Yadda ya karye abin a fahimta ne, domin ba caca ba ce, ba kuma sharholiya kaɗai ba. Tun 1805 yana da hannun jari a ɓoye a maɗaba'ar abokinsa James Ballantyne. Maɗaba'ar da mawallafinsa Archibald Constable suna tsaya wa juna a takardun bashi: wannan ya sa hannu ya lamunce wancan, wancan ya lamunce wannan, banki ya ba da kuɗi a kan sa hannun. Shi kuma Scott yana karɓar kuɗin littattafan da bai ma fara rubutawa ba yana sayen ƙasa. Da kasuwar kuɗi ta Landan ta rushe a ƙarshen 1825, wakilan Constable na can suka faɗi, suka ja shi, shi kuma ya ja maɗaba'ar. A dokar zamanin abokin tarayya da dukiyarsa ta kansa yake biya. Janairun 1826 Scott ya wayi gari da bashin sama da fam 120,000 a wuyansa, a lokacin da albashinsa na ɗaya aikin nasa, alƙalancin garin Selkirk, fam 300 ne a shekara. Watan Mayu matarsa Charlotte ta rasu.

Ya ƙi a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, ya ƙi tallafin abokai, ya ce hannunsa na dama ne zai biya. Aka sayar da gidansa na titin North Castle a Edinbara. Abbotsford ya tsira ne saboda tun 1825 ya mallaka wa ɗansa shi a yarjejeniyar aure. Mafi yawan abin da ya rubuta daga nan na masu bashi ne, ciki har da tarihin Napoleon mai juzu'i tara na 1827. A 1830 masu bashin da kansu suka bar masa littattafansa da kayan ɗakinsa kyauta. Shekarar ce kuma shanyewar jiki ta fara taɓa shi. An kai shi Malta da Italiya neman lafiya, ya matsa a dawo da shi gida, aka kafa masa gado a ɗakin cin abinci inda taga ke kallon kogi. Nan ya cika ran 21 ga Satumban 1832. Ragowar bashin sai a 1847 aka share shi da kuɗin haƙƙin mallakar littattafansa.

Ga mai son farawa da karatunsa: babukan farko na Waverley suna da nauyi, kuma hirar talakawa a littattafansa na Sikotlan da karin harshen yankin take, sai da haƙuri. Ivanhoe na 1819 ya fi sauƙin shiga. The Talisman na 1825 zai ja hankalin mai karatu musulmi, domin a ciki Salahuddin Ayyubi ya ɓad da kama ya shiga sansanin abokan gaba a matsayin likita ya warkar da Sarki Richard, kuma ya fi sarakunan Turai da ke labarin dattako nesa ba kusa ba. Sai dai Scott bai taɓa taka Gabas ba, daga littattafai ya ɗebo ta, kuma wanda ya san addinin zai ga inda ya yi tuntuɓe.

Daga Abbotsford na bi gaɓar kogi a ƙafa zuwa Melrose, kusan mil uku. Dokarsu ta 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye, sharaɗin dai ka mayar da ƙyauren shinge yadda ka same shi, kada ka firgita dabbobi. A Melrose na kwana biyu. Maganar Bakatsinen nan ta tabbata: wajen tara na dare, rana na sama, masu abinci sun kashe wuta. Washegari na kiyaye. Miyar kifi mai hayaƙi da dankali da madara, wadda suke kira Cullen skink, ita ta riƙe ni. Soyayyen kifi kuma a tambaya kafin a saya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Kangon gidan ruhubanawa na garin, na 1136, inda aka binne zuciyar Sarki Robert Bruce, Scott ne ya sa ido a gyaransa a 1822.

Smailholm da Dryburgh sai da tasi, kuma tun jiya ake kiran direba, ba a tare su a titi. Smailholm hasumiyar tsaro ce a kan dutse, bangonta ya fi mita biyu kauri, ƙofa ɗaya, tagogi ƙanana. An gina irinta ne saboda ɓarayin shanu. Ƙarni uku iyakar Ingila da Sikotlan na hannun dangogi masu hawa doki da dare su kore garke, su ƙona gari, su ɗora wa manoma kuɗin kariya, sai bayan 1603 da sarauta ta zama ɗaya aka murƙushe su. Ba sai na ce wannan ya tuna mini da ina ba. Kakannin Scott na cikinsu. Ana ba da labarin matar ɗayansu, wadda in nama ya ƙare sai ta kawo wa mijin akushi a rufe, ya buɗe ya tarar da ƙaimi.

A gindin dutsen gonar Sandyknowe take, ta kakansa, inda aka kawo shi jinya yana ɗan shekara biyu. Cikin magungunan da aka gwada har da naɗe shi tsirara a fatar tunkiya da ɗuminta, ana gama fiɗa. Ƙafa ba ta warke ba, amma kakarsa da gwaggonsa Jenny sun cika masa kunne da waƙoƙin mahara da tatsuniyoyi. Da ya girma ya riƙa shiga ƙauyukan Liddesdale yana rubuta su daga bakin tsofaffi, ya buga su a Minstrelsy of the Scottish Border a 1802. Bai bar su yadda ya ji su ba; yakan haɗa ruwaya biyu, ya gyara baiti, wani wuri ya cike da nasa. Mahaifiyar mawaƙi James Hogg, wadda ta rera masa wasu, ta faɗa masa ido da ido cewa don rerawa aka yi su ba don karantawa ba, kuma tunda ya buga su ba za a ƙara rera su ba.

Direban ya tsaya da ni a kan tudun Bemersyde, inda ake hango duwatsun Eildon guda uku da Tweed ya yi gwiwa a ƙasa. Ya ce ranar jana'iza dawakin da ke jan gawar da kansu suka tsaya a nan, don nan maigidansu ya saba tsayar da su. Kowa a yankin haka yake faɗa. Dryburgh na ƙasa kaɗan, kango ne na 1150 cikin manyan itatuwa, shiru kamar ba a taɓa yin mutane ba. Ta wajen dangin kakar nan tasa ya gaji hurumin binnewa a wurin. Kabarinsa na ƙarƙashin ɗan rufin da ya rage, kusa da matarsa, da surukinsa Lockhart wanda ya rubuta tarihinsa.

Rana ta ƙarshe na shiga bas mai lamba X95 daga Galashiels zuwa Selkirk, inda ya yi alƙalanci daga 1799 har mutuwarsa. Ɗakin shari'ar yana nan a bakin kasuwa, mutum-mutuminsa a gaba. Amma a ɗaya ƙarshen titin akwai wani da duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san sunansa: Mungo Park, wanda aka koya mana wai shi ya gano kogin Kwara, kamar Sarkawa da Nufawa ba a cikinsa suke kwana ba. A Foulshiels aka haife shi, mil kaɗan daga nan, shekara ɗaya da Scott, kuma sun yi abota a 1804. Wata rana Scott ya same shi shi kaɗai a bakin rafin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa yana kallon kumfa. Park ya ce haka yake auna zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka, da tsawon lokacin da kumfar ke ɗauka ta taso. Daga nan Scott ya gane mutumin komawa zai yi. Ya koma a 1805, ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa a 1806, garin da ruwan Kainji ya shanye daga baya.

A Selkirk na sayi burodinsu mai zabibi na guzuri, aka ba ni canji da takardar fam goma mai hoton Scott. Bankuna uku ne a Sikotlan ke buga nasu kuɗin, kuma Bank of Scotland fuskarsa yake sawa, domin a 1826, yana tsakiyar bashin nan, ya rubuta wasiƙu da sunan aro na Malachi Malagrowther yana yaƙar shirin gwamnati na hana bankunan ƙasar buga ƙananan takardu, gwamnati ta janye. A kashe irin waɗannan takardu kafin a tsallaka kudu. A Landan wasu masu kanti na juya su suna ɓata fuska, a gida kuwa ɗan canjin da na miƙa wa ya ɗaga ta sama, ya duba gaba da baya, ya miƙo mini abata ya ce, “Alhaji, wannan kuma kuɗin wace ƙasa ce?”